Kwanton Ɓauna da Kukan Akaza

Makon jiya aka sare tsamiyar gadi. Masu faɗaɗa hanyar mota sun ce ta tsaya musu a tsakiyar aiki, suka kawo gatura suka yini suna sara, yaran gari kuma suka taru suna sowa lokacin da ta faɗi. Ni ban je ba. Ina zaune a zaure na ji ƙasa ta motsa ƙarƙashin buzuna, na ce to, kowa ma da ranarsa. Jikana ya shigo da tsamiya cike da aljihu yana tambayata me ya sa ake ce mata ta gadi, alhali ba rumbu ba shago a gindinta. Na gyara zama zan ba shi labari, sai wani abokinsa ya yi masa fito daga waje, ya fice ya bar ni da baki a buɗe. Shi ya sa na ce bari in gaya wa takarda, ita dai ba ta da abokin da zai yi mata fito.

A kan tsamiyar nan mai gadi yake zama lokacin da muke tasowa. Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, an kewaye shi da kafi na itace da ƙaya, ƙofarsa ɗaya, ita ma sai mutum ya sunkuya. Duk mai zuwa gona da kwari da baka yake zuwa, ya rataye su a reshe kusa da shi, yana noma yana ɗaga kai. Mata ba sa zuwa ƙorama sai a taro, kuma ba a waƙa a hanya, ba a kiran yaro da ƙarfi. In mai gadi ya hango abin da bai gane ba sai ya buga kuge, wani ƙarfe mai amo wanda har yau in na ji maƙeri ya doki uwar maƙera sai gabana ya faɗi. Da jin kugen nan mai daka za ta yar da taɓarya, mai noma ya bar fartanya a inda ta cake, kowa ya nufi ƙofa da gudu, awaki na bin ƙafafu. Sau da yawa a ƙarshe a ga ashe garken shanu ne. Ba mai fushi, sai a yi dariya a koma aiki. Yanzu kuwa ina ganin yarinya ita kaɗai da tulu tana waƙa a hanyar rafi, saurayi a kan keke da rediyo yana ta ƙara kamar ya saya wa daji, ba wanda ya ce musu kanzil. Ina jin daɗin haka ƙwarai, sai dai wani lokaci nakan ji kamar in kira su in ce ku rage murya.

A gaskiya ni ban taɓa ganin hari da idona ba. Ina da wayo Nasara sun riga sun zo, an rufe kasuwannin bayi, mahara na arewa sun ɗauke ƙafa. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Manyanmu ba su yarda an gama ba, suna cewa waɗannan baƙi masu jan kunne yau suna nan gobe sun tafi, su kuwa mahara sun san hanya. Ana kuma jin raɗe-raɗin cewa har yanzu akwai masu satar mutane a ɓoye su ratsa daji da su. Don haka mai gadi ya ci gaba da hawa tsamiyarsa, mu kuma muka ci gaba da koyon harbi bayan an tashi daga makarantar Malam.

Kalmar kwanton ɓauna daga bakin mutum biyu na koye ta. Sarkin Bakan garinmu, wani siririn tsoho mai ido ɗaya da ba ya dariya sai an yi ɓarna, shi ya gaya mana asalinta. Ya ce in ka harbi ɓauna ba ta faɗi ba, takan yi gaba kaɗan, ta kewayo ta koma gefen sawunta, ta lafe cikin ciyawa tana jiran maharbin da ke bin jininta kai a sunkuye. Sai ya wuce ta, ta taso masa ta baya. Ya ce wanda ya yi maka kwanto haƙuri kawai ya fi ka, kuma a wurin kwanto duk wanda ya fara motsi shi ke fara mutuwa. Muka haddace wannan kamar karatun allo. Kakata kuwa, mahaifiyar babana, ba ta san ɓauna ba, amma ita ta fi shi sanin abin. Tana budurwa ta je ɗiban ruwa da ƙanwarta a mashigin ƙoramar da ke arewa da gari, inda hanyar Kurfi ta ratsa wani kurmi mai duhu. Takan ce: “Daji lafiya lau, kurciya na kuka. Na ce mata riƙa mani tulu in gyara zane. Na sunkuya, na ɗago, sai ƙafafunta na gani bisa doki.” Iyakar labarin ke nan, ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Tun daga ranar ba ta sake taka mashigin nan ba, ko da rijiyar gari ta ƙafe.

Babana bafatake ne. Da an gama kaka sai ya loda wa jakuna hatsi da sawaye na saƙar hannu ya bi ayari zuwa arewa, ya dawo da kanwa da manda kafin ruwa ya sauka. Yana da dokokin tafiya da ya gada, waɗanda yake bi kamar farilla. In ka ga sawun doki tare da sawun jaki ko na mace, mutanen arziki ne. In ka ga sawun dawaki zalla sun bar hanya sun shiga daji, ka nemi wurin ɓuya. Sannan a cusa tsumma cikin ƙararrawar jakuna, kada a hura wuta, a kuma ɗaura wa kowane jaki dutse a wutsiya, domin jaki ba ya iya kuka sai ya ɗaga wutsiyarsa. Na sha ganin yana gwada wa yaransa na tafiya yadda ake ɗaurin nan a bayan gida, jakunan na tsaye suna hararar su.

Cikin jakunanmu akwai wani fari da muke kira Akaza. Ƙarfi gare shi da juriya, amma Allah Ya ba shi muryar da ba a taɓa jin irinta ba a ƙasar nan. Yakan fara kamar ana goga tsohuwar ƙwarya da dutse, ya kai tsakiya ya sarƙe kamar tsoho ya ƙware da fura, sannan ya ƙarasa da wani siririn fito mai shiga haƙori. Ba gidan da ba a tsine masa ba a garin. Malam ya taɓa katse karatu ya ce da ana yi wa jaki ruƙiyya da ya yi wa wannan kyauta. Amma yana da amfani ɗaya: duk lokacin da Baba ya dawo daga fatauci, da sun iso mashigi Akaza zai shaƙi ƙamshin gida ya kece da kuka, a ji shi har cikin gari, Inna ta ɗora tukunya.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tsakanina da Baba akwai kunya irin ta da. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai “kai” ko “wancan yaro”, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. Ban san yana sona ba, ban kuma san ba ya sona ba, ba a tambayar irin wannan a lokacinmu. Maganar da ta fi haɗa mu ita ce ta igiya. Aikina ne in tufka igiyoyin rama da zai yi tafiya da su, ni kuwa hannuna bai taɓa faɗawa da tufka ba. Wani wuri ta yi kauri, wani wuri ta sirance kamar wutsiyar ɓera. A shekarar da nake ba da labari, ana gobe zai tafi, ya ɗauki ɗaya ya ja ta da hannu biyu, ya dubi bango ya ce: “Wanga yaro ya fara gemu, amma igiyarshi ko kaza ba ta ɗaurewa.” Lokaci ya ƙure, dole ya jefa su cikin taiki haka nan. Na kwana da baƙin cikin maganar nan.

Bazara ta yi tsanani sosai a shekarar. Wata ranar kasuwa wani maƙwabcinmu ya dawo daga Kurfi ya ce ya ga Baba a can, ya rabu da babban ayari, yana tare da abokan tafiyarsa biyu, ɗaya mutumin Dabawa ɗaya na Kutawa, kuma ya ce a gaya wa gida gobe da hantsi yana tafe. Inna ta jiƙa gero, aka share ɗaki. Washegari tun da sassafe muka kasa kunne muna jiran Akaza. Hantsi ya yi, ba kuka. Maimakon haka sai ga wata Bafillatana mai kawo mana nono ta faɗo ƙofar gari ba ƙwarya a kanta, tana haki. Ta zube gaban dattawa a ƙofar masallaci.

Baffana, ƙanen Baba, ya ce: “Mi ya koro ki, baiwar Allah?”

Ta ce: “Maza na gani cikin kurmin mashigi. Sun lafe bayan itace, fuska a rufe, baka a hannu. Ba magana, ba wuta.”

“Da jakuna?”

“Ni ban ga jaki ba, ban ji jaki ba. Rarrafe na yi na baro wurin.”

Mai gadi ya buga kuge, kuma a ranar ba wanda ya yi dariya. Lissafin a fili yake ga kowa. Baba zai biyo ta mashigin nan, ba wata hanya. Bai iso ba tukuna, don da ya iso da Akaza ya faɗa. Ga shi wasu sun yi kwanto daidai inda zai wuce. Kaka ta fito ƙofar gida ta tsaya, ba ta yi kuka ba, ta dubi Baffa ta ce: “Wurin nan ya ci mani ɗaya.” Ta koma ciki.

Malam ya ce a yi hattara, zamanin hari ya wuce, a aika wa hakimi. Baffa ya ce: “Allah shi gafarta Malam, kafin hakimi ya ɗaura sirdi an tsallaka daji da yayana.” Malam ya ce to, in dole sai an je, kada wanda ya saki kibiya sai an yi wa mutanen sallama an ji ta bakinsu. Sarkin Baka ya juyo masa da idonsa ɗaya ya ce: “Malam, kwanto da sallama? Ai sai mu tafi masu da fura ma.” Aka tsai da shawara. Za a tura wani saurayi mai gudu ya kewaya ta cikin gonaki ya tare Baba a hanyar Kurfi, ya tsai da shi. Sauran maza za su zagaye kurmin a ɓoye ta yamma, su yi wa masu kwanto kwanto, su jira har rana ta juya ta shiga idanun maharan. In Sarkin Baka ya yi kukan fakara, kowa ya saki kibiya kan wanda ya auna. Baffa ya shiga ɗakin Baba ya fito da wani tsohon kwari ya rataya mini. Kiban cikinsa masu dafi ne, ko ƙwarzane suka yi wa mutum ba ya ganin magariba. Ya ce: “Ubanka ne za a kama. Yau ba yaro kake ba.”

Muka fita ɗaya bayan ɗaya, ba takalmi. Rabin hanya muka koma rarrafe cikin sabara. Zabin daji suka tashi firr a gabanmu, Sarkin Baka ya cije leɓe. Aka ajiye ni bayan wata geza a bakin yashi, aka nuna mini wata kanya a tsallake da yatsa. Na daɗe ina kallo ban ga komai ba, sannan a hankali idona ya fara rarrabewa: gwiwar mutum, gefen wata shuɗiyar riga da ban taɓa gani ba, bakin rawani an ja amawali har ido, da kan baka yana leƙowa ta gefen itace. Yana fuskantar inda nake. Na ɗora kibiya a tsirkiya na auna tsakanin kafaɗarsa da wuyansa, inda rigar ta ɗan buɗe.

Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba. Yashi ya yi zafi har yana cin ciki ta cikin riga. Cinnaku suka gano ni suka yi ta hawa da sauka, ba damar sosawa. Maƙogwarona ya bushe, harshe ya manne. Azahar ta yi ta wuce ba wanda ya tashi salla, mu da su. Wani lokaci iska ta kaɗa ganye sai in ga kamar mutumin ya motsa. Tsoro na ji, tsoro mai yawa, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Amma da na tuna Baba yana tafe da jakunansa bai san komai ba, sai wata ƙiyayya ta taso mini game da mai shuɗiyar rigar nan, irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba kafin nan ko bayan nan. Na yi ta ce masa a zuci, kai ne ka ɗauke ƙanwar kakata, kai ne ka hana mu waƙa a hanya, yau sai ka biya. Shi kuwa ko gezau, yana nan kamar kututture. Na ce lallai wannan tsohon hannu ne a kwanto.

La'asar ta yi, inuwarmu ta miƙe ta nufi wajensu, rana ta dawo bayanmu. Na saci kallon Sarkin Baka, na ga ya lashi leɓe ya kai yatsu bakinsa. Na ja tsirkiya har kunne. A daidai nan sai na ji wani abu ya faɗi tim a can cikin duhun kurmi, bayan kanyar, kamar an yar da dutse a kan busasshen ganye. Sai kuma aka fara goga tsohuwar ƙwarya. Aka kai tsakiya aka sarƙe. Aka ƙarasa da siririn fiton nan mai shiga haƙori.

Ba wanda ya motsa. Sarkin Baka na nan da yatsu a baki. Akaza ya ja numfashi ya sake dawowa da wani sabo, wanda ya fi na farko muni. Sai na ji muryar Baffa daga hagu: “Yaya? Kai ne nan?”

Sannan daga bayan kanya wata murya da na sani tun ina cikin zani ta ce: “Wa ke magana?”

“Ni ne, Yaya. Mu ne. Mutanen gida ne.”

Hannuna ya ƙi sauka. Yatsuna sun sandare a kan tsirkiya, ina tsoron in na sassauta kibiyar za ta kuɓuce. Sai da na karkatar da bakan a hankali zuwa ƙasa, sannan na saki, ta cake cikin yashi kusa da gwiwata. Mai shuɗiyar riga ya miƙe ya sauke amawali. Bakansa na hannunsa, kibiya na kan tsirkiya. Bai dubi Baffa ba, bai dubi sauran maza da ke fitowa daga cikin sabara ba. Gezata ya tsura wa ido ya ce: “Wa ke bayan gezar can?” Na tashi tsaye. Ya dube ni, bakan ya zame daga hannunsa, sai ya kira sunana. Cikakken sunana na yanka, da ƙarfi, a gaban mutane. Ban taɓa jin sa a bakinsa ba sai ranar, ban kuma sake ji ba har ya bar duniya.

Sannu a hankali aka warware zancen, muna zaune a kan yashi ana zagayawa da salkar ruwa. Ashe su Baba sun iso mashigi tun rana ba ta yi zafi ba, sai Baba ya ga sawun dawaki zalla, sababbi, sun bar hanya sun shiga kurmi. Mu mun san ko na wane ne: shekaranjiya wani Bature da mahayan hakimi sun ratsa suna duba inda za a share hanya, suka shayar da dawakinsu a nan. Shi kuwa bai sani ba. Tun daga nesa ya tsai da jakuna, ya cusa tsumma a ƙararrawa, ya ɗaura duwatsu, suka tura dabbobin cikin duhuwa suka lafe suna jiran su ga abin da zai fito. Suna shirin tashi ke nan suka ji kugen gari, suka ce lallai hari ya faɗa wa gida. Can kuma zabi suka tashi, suka ga sabara na motsi ta yamma, suka tabbata an kewaye su. Su ma sun san wanda ya fara motsi shi ke fara mutuwa. Haka muka yini, kowa na bin dokar da kakanni suka bar masa, ba wanda ya yi kuskure ko ɗaya. Mutumin Dabawa ya fara dariya, ya kasa tsayawa har ya kwanta yana riƙe ciki, hawaye na zuba. Baffa ya koma gefe ya rufe fuska da hula. Sarkin Baka ya tashi ya je ya duba jakunan, ya dawo da guntuwar igiya a hannu ya ce ƙudaje ne suka dami Akaza, ya yi ta fama da wutsiya tun safe har igiyar ta tsinke a inda ta sirance. Sauran jakunan duwatsunsu na nan daram, don da igiyar mutumin Kutawa aka ɗaura musu.

Muka rama sallolinmu a bakin ƙoramar, sahu ɗaya. Ban taɓa yin sujada mai daɗin wannan ba. Muka shiga gari Akaza na gaba yana ta rera abinsa, mata na guɗa, ba wanda ya tsine masa. Malam ya tare mu a ƙofa, ya saurari labari har ƙarshe, ya dubi Sarkin Baka ya ce: “Ashe dai da kun tafi da furar.” Saurayin da aka tura kuwa sai da ya kai har Kurfi, aka ce masa ai sun tashi tun asuba, ya juyo yana kuka a hanya yana tunanin yadda zai faɗa wa Inna, ya shigo ya iske Baba na cin tuwo. Kaka ta nufo ɗanta. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta shiga rumbu ta ɗebo gero cike da ƙwarya, geron mutane mai kyau, ta kai wa jaki ta tsaya har ya cinye.

Bayan wannan ne abubuwa suka fara sassautawa a garinmu. Ba wanda ya yi shela, amma da damina ta sauka mai gadi ya ce shi ma yana da gona, ba a kuma nemi wani ya maye gurbinsa ba. Kuge ya koma hannun masu sanar da gayya. Kafi ya ruɓe, mata suka yi ta zare itacensa suna girki. Mutane suka fara fita suna kafa gidaje a gonakinsu. Wata safiya ma na ga Kaka ta ɗauki ɗan tulu ta bi mata zuwa mashigi, ta tsaya daga nesa ta daɗe tana kallon kurmin, sannan ta sauka ta ɗebi ruwa. Yau kurmin nan babu shi, gonakin gyaɗa ne, an kuma yi gada a mashigin. Samari na cewa kwanton ɓauna in abokinsu ya laɓe ya tsorata su a lungu, ko in mai bin bashi ya tsare wani a ƙofar kasuwar Kuki. Ba na gyara musu. Allah Ya sa iyakar abin da za su sani game da kalmar ke nan.

Amma akwai abin da ya faru a yammacin ranar wanda ba kowa ya gani ba. Gab da magariba ina sauke wa jakuna akumari a bayan gida, sai Baba ya zo ya tsaya kusa da Akaza. Ya kwance ragowar igiyar daga wutsiyarsa, ya juya ta a hannu yana duban inda ta tsinke. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, don na san tawa ce.

Ya ce: “Kai ka tufka wagga?”

Na ce: “Ni ne, Baba.”

Ya matso, abin da bai saba yi ba, ya ɗora yatsa a ƙasan wuyana, daidai inda ƙashi ya yi rami. Ya ce: “Nan na auna tun azahar.” Na kasa gaya masa inda ni na auna, ina jin ya sani. Ya naɗe guntuwar igiyar ya sa a aljihu, ya juya zai tafi, sannan ya tsaya ya ce da bango, kamar yadda ya saba: “Kada wanda ya ƙara koya ma yaron nan tufka.”

Ba a kuwa ƙara ba. Ko jiya na tufka wata don akuyar gidan nan, jikokina suka kewaye ni suna dariya, suna cewa kakanmu ya tsufa bai iya igiya ba. Kafin la'asar akuyar ta tsinke ta shiga gonar maƙwabta.